Sarauniyar da Ba a Ganin Fuskarta: Mangu ta Lugu

A ranar 16 ga Afrilu, 1899, rundunar Faransa da ke kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi ta auka wa wani ƙauye mai suna Lugu, a arewa maso gabashin Dogon Dutsi, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Kafin rana ta faɗi sojojin sun harba harsashi kimanin 7,000, an kashe musu mutum huɗu, an raunata shida, sun kuma cinna wa ƙauyen wuta. Wadda ta jawo wannan ɓarin harsashi kuwa ba ta shiga hannunsu ba. Dattijuwa ce mai suna Mangu, wadda ke riƙe da sarautar da mutanen wurin ke kira Sarauniya.

Yau duk wanda ya ji sunan Sarauniya Mangu, abin da ke zuwa masa a rai shi ne jaruma mai jini a jika, rataye da kwari da baka, tana gaban mayaƙa. Matar da mutanen Lugu suka sani dabam take da wannan. Sarautarta ta zaman ɗaka ce: bukka ɗaya, farin zane, fuska a rufe, da mazari a hannu. Wanda ya kalle ta da idon zamani zai ce baƙuwar halitta ce da ta guji mutane. Amma wannan ɓuya ita ce jigon ikonta, kuma ita ce ta sa sarautar ta tsira a lokacin da manyan fadoji masu ganuwa suka faɗi.

Ƙasa ɗaya, sarauta biyu

Ƙasar da Lugu take ana kiranta Arewa, amma kada mai karatu ya ɗauka Arewacin Najeriya ake nufi. Ƙasar Arawa ce, Hausawan da ke zaune a kwarin Dallol Mawri, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri. Iyakar Turawa ta raba su biyu, shi ya sa ake samun 'yan'uwansu a Ƙaramar Hukumar Arewa Dandi ta Jihar Kebbi, mai hedikwata a Kangiwa.

Masanin Faransa Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa tarihin wannan ƙasa a 1970, ya nuna cewa iko a can kashi biyu ne. Akwai Gubawa, waɗanda suka fara zama a wurin, su ne 'yan ƙasa, a hannunsu al'amuran ruwan sama da noma da farauta da iskoki suke. Akwai kuma zuriyar sarauta, wadda ruwaya ta ce ta samo asali daga wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, da ya auri 'yar Bauran Bagaji, ɗaya daga cikin manyan Gubawa. Wannan zuriya ita ke da doki da takobi da haraji, daga cikinta ake naɗa Sarkin Arewa, wanda Matankari ta zama ɗaya daga cikin manyan mazaunansa. Sarki yana mulkin mutane, 'yan ƙasa suna riƙe da ƙasar da mutanen ke takawa. A ƙololuwar wannan ɓangare na biyu Sarauniyar Lugu take.

Ruwayar mutanen Lugu ta ce Sarauniya ta farko, 'Yar Ƙasa, daga Daura ta taso, ɗauke da wani dutse mai suna Tunguma, ta yi ta tafiya har ta yada zango a inda ƙauyen yake. Ambaton Daura ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa jerin sarakunan Daura ya fara ne da mata, har zuwa kan Magajiya Daurama. Irin wannan sarauta ta mata mai haɗe da bori ta daɗe a ƙasar Hausa: Inna a Gobir, Iya a Katsinar Maraɗi, Magajiya a garuruwa da yawa. Abin da ya bambanta Lugu shi ne a can babu wani sarki namiji a samanta.

Mutanenta su ne ake kira Azna a Nijar, kwatankwacin waɗanda muke kira Maguzawa a ƙasar Kano, wato Hausawan da suka ci gaba da addinin gargajiya. Jihadin 1804 bai sauya Lugu ba. Hasali ma da Yakubu Nabame na Kabi ya yi wa Gwandu tawaye a 1849, ƙasar Arewa tana cikin waɗanda suka mara masa baya. Saboda haka lokacin da Faransawa suka iso, sun tarar da mutanen da suka shafe kusan ƙarni guda suna ƙin miƙa wuya ga wanda ya fi su dawakai.

Yadda ake zama Sarauniya

Ba a neman wannan sarauta, ba a kuma kai gaisuwa don a samu. Idan Sarauniya ta rasu, sai a yi abin da ake kira tarkama: a ɗora gawarta a makara, maza su ɗauka, a tara matan zuriyar. Mutanen Lugu sun yi imani cewa gawar ce ke jan masu ɗauke da ita har ta tsaya a kan wadda za ta gaje ta. Matar da abin ya faɗa wa za ta iya kasancewa tana gidan aurenta, da 'ya'ya da jikoki. Daga ranar ta bar wannan rayuwa ke nan. Za ta koma bukkar Sarauniya, ta yafa farin zane da ke rufe mata kai da fuska, ta zauna a nan har ƙarshen ranta.

Fadarta ba ta da soro, ba ta da dogarai. Masu zuwa wurinta manoma ne da ruwa ya yi wa jinkiri, da matan da ke neman haihuwa, da masu rigimar da ta gagari dattawa. Su durƙusa, su faɗi buƙatarsu, ta amsa a taƙaice. Sauran yininta kaɗin auduga ne. Shari'ar sata da rantsuwa kuwa wurin Tunguma ake kai su, dutsen da ke da nasa mai kula da shi, wanda aka yarda motsinsa na nuna mai gaskiya.

Ba sai mutum ya yarda dutse na motsi ba kafin ya gane aikin da wannan tsari ya yi wa jama'arsa. Wadda gawa ta zaɓa ba ta ci bashin kowa ba wajen hawa. Wadda aka raba da miji da gida ba ta da surukin da za ta fifita a shari'a. Wadda ba ta tara dukiya, da wuya a saye ta. Duk abin da aka ƙwace mata na rayuwar yau da kullum, shi aka mayar mata a matsayin amincewar jama'a. Farashin kuwa mai tsada ne, kuma mace ɗaya ce ke biyansa ba tare da an nemi yardarta ba.

Ido, wa ka raina?

Bahaushe ya ba da amsar wannan tambaya tun da daɗewa: wanda nake gani yau da gobe. Ɓoye mai iko tsohuwar dabara ce a wannan yanki. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ke zaune a kan Dutsen Dala, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara, kuma shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura. A ƙarni na 14 Ibn Battuta ya rubuta cewa sarkin Barno ba ya bayyana ga jama'a, ta bayan labule yake magana da su. Amawalin da sarakunanmu ke rufe baki da shi har gobe ragowar wannan tunani ne.

A ɓangaren mata ma haka ne. Ana danganta fara kulle a fadar Kano ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, amma a cikin wannan gida aka sami Madaki Auwa, matarsa, wadda ta yi ƙarfin faɗa-a-ji a zamanin ɗanta Abdullahi da jikanta Muhammadu Kisoki. Binciken Heidi Nast da aka wallafa a 2005 ya nuna yadda matan Gidan Rumfa suka riƙe harkar hatsin haraji da rinin baba daga cikin gida. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tafiyar da 'Yan Taru ta hannun jajis da ke kai karatunta ƙauyuka, kuma malfar da take ɗora musu alama ce da aka san Innar Gobir da ita tun kafin jihadi. Duk waɗannan mata sun yi iko daga bayan katanga. Bambancin kawai shi ne katangar fada ta sarki ce, ta Lugu kuwa ta Sarauniya ce ita kanta.

Turai ma ta san 'ya'yan manyan gida da suka juya wa duniya baya. Lady Hester Stanhope, 'yar 'yar'uwar Firayim Ministan Ingila William Pitt, ta bar ƙasarta a 1810, ta ƙare a wani tsohon gini a tsaunukan Lebanon, tana sa tufafin maza, tana duban taurari, har ta mutu cikin bashi a 1839. Tata ɓuyar zaɓin kanta ce, ta kuma mutu tare da ita. Ta Mangu muƙami ce, jama'a suka ɗora mata, akwai kuma wadda za ta gada. Turawan da suka iso Lugu ba su da ma'aunin gane wannan bambanci.

Rundunar da ta taho da wuta

A 1898 Faransa ta shirya runduna uku da za su haɗu a Tafkin Chadi: ta Foureau da Lamy daga Aljeriya, ta Gentil daga Kongo, sai ta uku daga yamma a ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Voulet shi ne ya ci Wagadugu a 1896. Chanoine kuwa ɗan janar ne, mahaifinsa ya riƙe muƙamin ministan yaƙi a 1898. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a ranar 14 ga Yuni, 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta bar wa Ingila, abin da ya tura Faransawa zuwa ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi.

Turawan da ke cikin rundunar ba su kai goma ba. Sauran sojojin Afirka ne da ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, ga mata da aka kwaso a hanya, har taron ya kai kimanin mutum 2,000. Gwamnati ba ta ba su guzurin da zai ishe su ba, don haka suka mai da kwasar ganima hanyar ci. A watan Janairun 1899 suka kashe mutum 101 a Sansanin Hausa, a bakin kogin Kwara. Daga nan duk garin da ya yi jinkirin kawo hatsi ko nuna rijiya, wuta ce makomarsa. Labarinsu ya riga su isa ko'ina, garuruwa da dama suka watse tun kafin a hango ƙurarsu, wasu sarakuna kuma suka tarye su da kyauta don su tsira da jama'arsu.

Lugu ta ƙi yin ko ɗaya. Laftanar Paul Joalland, mai kula da igwar rundunar, ya ambaci Sarauniya a littafin da ya wallafa a 1930, inda ya siffanta ta da tsohuwar matsafiya wadda ta aiko musu da saƙon cin fuska, tana cewa za ta tare musu hanya. Maganar ta raini ce, amma ta tabbatar da abu biyu: Mangu ba yarinya ba ce a lokacin, kuma kalmarta ce ta tara mayaƙan.

Maharba da manoma daga Lugu da ƙauyukan kewaye suka fito da baka da kibiya. Da wutar bindiga ta yi musu yawa a fili, sai suka janye cikin sarƙaƙiyar da ke kusa da ƙauyen, inda bindiga ba ta ganin abin harbi, kibiya kuwa tana fitowa daga inda ba a zata ba. A nan harsashin ya ƙare. A lissafin soja Faransa ce ta yi nasara, domin ta ci ƙauyen ta ƙone shi. Amma ba ta taɓa gamuwa da turjiya irin wannan ba tun da ta baro kogi, kuma Sarauniya ta fice tare da jama'arta. Da ƙura ta lafa suka dawo, suka sake kafa bukkokinsu.

Abin da wuta ba ta ci ba

Rundunar ta wuce gabas. A watan Mayu ta yi kisan da ya fi kowanne muni a Birnin Konni. A can Faransa kuwa asiri ya riga ya tonu, domin Laftanar Louis Péteau, wanda aka kora daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta kai ga hukuma. Aka tura Laftanar-Kanar Klobb ya bi sawunsu, ya yi ta ratsa ƙonannun garuruwa har ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa. A ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi, sannan ya shaida wa mutanensa cewa ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa. Bai yi kwana huɗu ba. Sojojinsa suka kashe Chanoine a ranar 16 ga wata, suka kashe shi a ranar 17, a Maijirgi. Wata uku ke nan cif bayan Lugu. Ba abin mamaki ba ne da mutanen Arewa suka ce bakin Sarauniya ne ya kama su.

Mutuwarsu ba ta tsayar da mamaya ba. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen Yuli, aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga bayan 'yan makonni. A ranar 22 ga Afrilu, 1900 rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kusuri. A ɓangaren Ingila, Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka kai Sarki Alu Yola sannan Lakwaja, aka naɗa Abbas. Sakkwato ta bi baya a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli.

A duk waɗannan wurare Bature ya san abin da zai yi: ya fasa ganuwa, ya shiga fada, ya cire mai ita, ya ɗora wanda zai yi aiki da shi. A Lugu babu abin kamawa. Bukka ce, idan an ƙone ta a sake ɗaura wata cikin kwana biyu. Babu baitulmali, babu tambari, babu masu zaɓen sarki da za a kira a yi wa barazana, tun da gawa ce ke zaɓe. Faransawa suka yi abin da ya rage musu: suka ɗauki zuriyar Sarkin Arewa suka mai da su sarakunan kanto, suka kafa bariki a Dogon Dutsi, suka bar Lugu a gefe. Ƙauyen ya yi ta raguwa, fari da ci-rani suka kwashe matasa, Musulunci ya game ƙasar Arewa. Duk da haka jerin Sarauniyoyi bai yanke ba, ya ratsa mulkin mallaka ya shigo wannan ƙarni. A 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Yadda aka sa mata sulke

Tsawon shekara tamanin sunan Mangu bai wuce ƙasar Arewa da 'yan layuka a takardun Faransawa ba. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, mutumin da ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya kuma sha ɗauri a zamanin Seyni Kountché. A 1980 ya wallafa ƙagaggen labari da Faransanci mai suna Sarraounia. A ciki ya mai da ita matashiya, marainiya da wani mai suna Dawa ya rena ya koya mata harbi da magani, mai alamar damisa, wadda ke jagorantar yaƙi da kanta. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim, ya ɗauke shi a Burkina Faso ta Thomas Sankara, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Mamani bai yi laifi ba. Marubuci ne, kuma ƙasarsa na bukatar gwarzon da ya ce wa Faransa a'a. Ba don shi ba, da yawancinmu ba mu taɓa jin sunan Lugu ba. Matsalar ita ce labarin ya danne tarihin, har hoton fim ya zama shi ne abin da ake koya wa yara. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun bi diddigin yadda wannan sauyi ya auku. Yau akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, kuma gwamnatin sojan da ta hau mulki a 2023 ta ƙirƙiro lambar yabo mai sunan Sarauniya Mangu. Jarumar littafi ake karramawa, ita kuwa mai bukka tana can inda aka bar ta.

Akwai dalilin da ya sa sulken ya fi mana daɗin gani. Mace mai takobi, irin yadda muke zana Amina ta Zazzau, ba ta tayar mana da wata tambaya, domin ta yi abin da maza ke yi ne, sai mu yaba mata da ma'aunin da muka saba. Tsohuwa mai bori da ke zaune a ɗaka tana kaɗi kuwa tana tilasta mana amsa abubuwa biyu masu nauyi: cewa wani yanki na tarihin Hausa ya ginu a kan addinin da akasarinmu muka bari, kuma cewa akwai irin ikon da ba ya bukatar a gan shi. Idan muka goge waɗannan don labarin ya yi santsi, mun yi mata abin da Joalland ya yi, ta wata fuskar. Shi ya ga tsohuwar ya raina ta, mu kuma mun ƙi kallonta sai da aka sauya mata kama.

Wanda ke son ya girmama Mangu, sai ya karɓe ta yadda take: dattijuwar da aka raba da gidanta aka zaunar a bukka, wadda ba ta da doki ko ganuwa, amma da ta ce ba za a wuce ba, ɗaruruwan manoma suka ajiye fartanya suka tari bindiga. Kaburburan Voulet da Chanoine suna Maijirgi. Bukkar da suka ƙone kuwa an sake ɗaura ta, kuma gawa ta ci gaba da zaɓen wadda za ta zauna a ciki.